Yadda Ake Riƙon Jarin Wasan Poka Ba Tare da An Taɓa Kuɗin Gida Ba

A watan Disamban 1992 wani Bagirke mazaunin Amurka mai suna Archie Karas ya shiga birnin Las Vegas da dala 50 kacal a aljihunsa, ya ranci dala 10,000 a hannun wani da ya san shi, ya zauna teburin karta. Zuwa farkon 1995 abin da ke hannunsa ya kai kimanin dala miliyan 40, bayan ya kayar da manyan gwanayen poka, wato wani wasan karta, na wancan zamani ɗaya bayan ɗaya. Shekarar ba ta ƙare ba sai da dukiyar ta ƙare ƙaf, mafi yawanta a teburan da mutum ke karawa da gidan cacar kansa, inda lissafi ke bayan gida tun kafin a fara. Gwanintar Karas ba ta ragu ba a cikin waɗannan watanni. Abin da ya rasa shi ne iyaka, domin duk abin da ya mallaka yana iya ɗora shi a kan tebur a dare ɗaya, kuma wanda yake haka, komai ƙwarewarsa, ranar da sa'a za ta juya masa baya tana nan tafe.

Kafin mu ci gaba, wajibi ne a faɗi gaskiya ɗaya. Poka caca ce idan an sa kuɗi, kuma hukuncin caca a Musulunci a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. A jihohin da ke aiki da shari'a kuma laifi ce da hukuma ke kamawa. Wanda ya tsaya a kan wannan hukunci ya huta, ba ya buƙatar komai daga abin da zai biyo baya, kuma ni ba na kiran kowa zuwa teburin. Ina magana ne da wanda ya riga ya shiga, a wuraren da doka ta halatta wasan kamar jihar Nevada ta Amurka ko Birtaniya, da kuma ɗan'uwan da yake son ya gane ko nasa yana riƙe da wasan ne ko wasan ne ya riƙe shi.

Mene ne jarin wasa, kuma daga ina yake fitowa

Jarin wasa shi ne kuɗin da aka ware domin poka kaɗai, waɗanda idan suka salwanta baki ɗaya gobe da safe, tukunyar gida ba za ta sauka daga murhu ba, mai gidan haya ba zai ƙwanƙwasa ƙofa ba, ba za a koro yara daga makaranta ba. Wannan shi ne ma'aunin farko, kuma duk sauran lissafin da za mu yi a kansa ya tsayu. Saboda haka hanyar tara shi ita ce ta sannu: bayan an fitar da cefane, haya, magani, kuɗin makaranta, haƙƙin iyaye da ajiyar ko-ta-kwana, abin da ya rage na nishaɗi shi ne ake yanka wani yanki daga ciki. Kuɗin rance ba ya zama jari, haka kuɗin adashi da aka ba ka ajiya, haka uwar kuɗin shago. Hukumar kula da caca ta Birtaniya ta hana amfani da katin bashi wajen caca tun watan Afrilun 2020, kuma dalilin da ya sa ta yi haka shi ne dalilin da zai sa kowane ɗan wasa ya hana kansa ko da doka ba ta hana shi ba.

Warewar kuma ta zama ta zahiri. Buɗe asusun banki na daban wanda albashi ba ya shiga cikinsa, ko kuma, ga mai wasa a gidan karta, a sami ambulan guda da ake ajiye tsabar kuɗin a ciki, a rubuta jimillar a bayanta duk lokacin da aka cire ko aka mayar. Mutumin da yake cewa ya ware jarinsa a cikin kansa, alhali kuɗin suna kwance wuri ɗaya da na cefane, bai ware komai ba, domin ranar da zuciya ta hau ba za ta tsaya tantance wace dala ce ta wasa, wace ce ta shinkafa ba.

Ƙidaya da kuɗin zama

Masu wasa ba sa auna jarinsu da yawan dalolin da ke ciki. Suna auna shi da yawan lokutan da zai iya zaunar da su a tebur. A wasan Texas Hold'em marar iyakar zubi, nau'in pokan da ake raba wa kowa kati biyu, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a duniya, mutum biyu ne ke sa zubin dole kafin a raba katin kowane hannu, wato zagaye ɗaya na wasan, ɗaya ƙarami ɗaya babba. A teburin dala 1 da dala 2, babban zubi shi ne dala 2, kuma al'ada ita ce mutum ya zauna da ninkinsa 100, wato dala 200. Wannan dala 200 ita ce kuɗin zama ɗaya. Mai dala 6,000 yana da kuɗin zama 30 a wannan tebur, amma idan ya koma teburin dala 2 da dala 5, inda kuɗin zama ya zama dala 500, abin da yake da shi 12 ne kawai. Kuɗin ba su ragu ko kwabo ba, amma ƙarfinsu na jure faɗuwa ya ragu da fiye da rabi.

Dalilin da ya sa ake buƙatar kuɗin zama masu yawa shi ne jujjuyawar sa'a, kuma a nan ne nake so mu daɗe, domin yawancin waɗanda suka karye ba su fahimci girmanta ba ne. Katin A biyu su ne mafi ƙarfin abin da za a iya raba wa mutum, kuma sau ɗaya cikin hannu 221 suke zuwa. Idan mai A biyu ya tura duk kuɗin gabansa, mai K biyu ya amsa, mai A zai ci kusan sau 82 cikin 100. Ma'ana, sau 18 cikin 100 zai yi komai daidai, ya riƙe katin da babu kamarsa, kuma ya ga mai raba katin ya tura tulin kuɗinsa gaban wani. Yawancin hannayen da ake tura manyan kuɗi a cikinsu ma rinjayensu bai kai wannan ba. Da yawa 60 ne da 40, wasu kusan rabi da rabi.

Ana auna ƙwarewar ɗan wasa da yawan babban zubin da yake ci a kowane hannu 100. Wanda yake cin 5 a tsawon lokaci gwani ne na gaske a matakinsa. Sai dai hawa da saukar da ke kewaye da wannan 5 ɗin tana kaiwa tsakanin 80 da 100 a kowane hannu 100 a teburan mutum shida. Mu ɗauki 100 domin sauƙin lissafi. Bayan hannu 10,000, ribar da ake sa ran wannan gwani zai samu ita ce babban zubi 500, wato kuɗin zama 5, amma faɗin jujjuyawar ya kai babban zubi 1,000, wato kuɗin zama 10 sama ko ƙasa. Idan aka buga lissafin, kusan sau ɗaya cikin uku zai ƙare waɗannan hannaye 10,000 da asara. A gidan karta, inda ake raba hannu 25 zuwa 30 a awa, hannu 10,000 yana cin kimanin awa 330 zuwa 400, wato watanni da dama ga mai zuwa a ƙarshen mako. Mutum yana iya shafe wata shida yana wasa mai kyau yana faɗuwa, wani kuma ya shafe wata shida yana shirme yana ci, kowannensu kuma ya yanke wa kansa hukuncin da ba daidai ba.

Masana ƙididdiga suna da hanyar auna yiwuwar karyewa baki ɗaya ga wanda ya tsaya a mataki guda bai sauka ba. Ga gwanin nan mai cin 5, idan jarinsa kuɗin zama 20 ne, yiwuwar ya rasa shi duka ta kai kimanin kashi 13 cikin 100. Idan 30 ne, ta sauko kashi 5. Idan 50 ne, ba ta kai kashi 1 ba. Amma idan ashe abin da yake ci 2 ne, ba 5 ɗin da yake zato ba, kuɗin zama 20 na nufin kusan kashi 45 cikin 100 na karyewa, kuma sai ya tara 100 kafin haɗarin ya sauko ƙasa da kashi 2. Daga nan ne aka samo ƙa'idar da ake yawan ji: kuɗin zama 20 zuwa 30 ga mai wasan nishaɗi wanda yake da albashin da zai iya sake tarawa da shi, 50 zuwa 100 ga wanda wasan ne abincinsa. Mai buga Omaha, wani nau'in poka inda ake raba kati huɗu kuma hannaye suka fi kusa da juna a ƙarfi, sai ya ƙara a kan haka. A ganina, wanda bai tara bayanan hannu dubu goma-goma na wasansa ba, ya ɗauki kansa a matsayin mai cin 2, ya yi tanadin da ya dace da hakan, domin kusan kowa yana ganin kansa sama da inda yake.

Akwai abin da babu yawan jarin da zai gyara. Gidan karta yana cire la'adarsa daga tulin kusan kowane hannu, a gidajen Amurka sau da yawa kashi 10 cikin 100 har zuwa wata iyaka ta 'yan daloli, a intanet kuma kimanin kashi 5. Idan aka ce ana cire dala 4 a hannu, ana raba hannu 30 a awa, dala 120 ce ke barin teburin kowace awa, ban da dalar da al'ada ta sa wanda ya ci yake miƙa wa mai raba katin. Tunda kuɗin 'yan wasa ne ke zagayawa a tsakaninsu gida yana tsame nasa, matsakaicin ɗan wasa mai asara ne dole. Idan kana cikin masu asara, jari mai kauri jinkirta ƙarewar kawai zai yi. Irin wannan mutum ya daina kiran kuɗinsa jari, ya kira su kuɗin nishaɗi, ya yanke abin da zai kashe a wata kamar yadda ake yanke kuɗin kallon ƙwallo, idan sun ƙare ya jira wani watan.

Gasa ta fi tebur haɗari

A gasa, kowa yana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, ana bugawa har mutum ɗaya ya tattare komai, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 na mahalarta ne ke samun wani abu. Babbar gasar poka ta duniya ta WSOP (World Series of Poker), wadda aka fara a 1970 a gidan cacar Binion's Horseshoe, kuɗin shigarta dala 10,000 ne tun 1972. A 2023 mutum 10,043 suka shiga, Daniel Weinman ya tafi da dala miliyan 12.1, amma fiye da mutum 8,500 sun tashi hannu rabbana. Ko gwanin da yake kaiwa ga biya sau ɗaya cikin biyar, yiwuwar ya buga gasa goma a jere bai sami kwabo ba ta haura kashi 10 cikin 100, kuma yawancin lokutan da ya kai ɗin abin da zai samu bai wuce ninki ɗaya da rabi ko biyu na abin da ya biya ba, domin naman yana wurin mutum uku ko huɗun ƙarshe. Shi ya sa mai gasa yake buƙatar kuɗin shiga aƙalla 100, idan kuma gasannin masu dubban mutane ne, 200 zuwa 300.

Labarin Chris Moneymaker, akawun nan daga Tennessee da ya shiga babbar gasar 2003 ta wata ƙaramar gasar intanet da kuɗinta bai kai dala 100 ba kuma ya ci dala miliyan 2.5, shi ne ya ja miliyoyin mutane zuwa wasan. Abin koyi a labarin shi ne ƙofar da ya bi, domin bai fitar da dala 10,000 daga aljihunsa ba. Mai ƙaramin jari da yake sha'awar babbar gasa, ta irin waɗannan ƙananan gasannin share fage zai nema, su ma kuma ya lissafa su cikin kuɗin da yake kashewa. Kada kuma alƙaluman da ake bugawa na abin da fitattu suka ci su ruɗe ka, domin ba a cire kuɗin shiga daga cikinsu. Daniel Negreanu ya taɓa bayyana lissafinsa na 2017 da kansa: ya ci kusan dala miliyan 2.8 a gasanni, amma abin da ya biya na shiga ya haura haka, shekarar ta ƙare masa da asara.

Sauka mataki, wanda shi ne ainihin aikin

Duk ƙa'idojin nan takarda ce kawai idan mutum ba zai iya sauka ba. Tun ranar da ka ware jarin, rubuta lambobi biyu: wadda idan ka faɗo kanta za ka koma ƙaramin tebur, da wadda idan ka kai ta za ka hau. Mu ɗauki mai dala 1,000 da ke buga teburan intanet masu kuɗin zama dala 25, wato yana da 40. Sai ya rubuta cewa idan jarin ya faɗo dala 625, wato 25, zai koma teburan dala 10, inda wannan kuɗin ya zama kuɗin zama 62. Ba zai dawo ba sai ya sake kaiwa dala 900 ko 1,000. Teburan dala 50 kuwa ba zai zauna su zaman dindindin ba sai ya kai dala 2,000. Idan yana son ya ɗanɗana matakin sama kafin nan, a dala 1,500 yana iya ware dala 150, kuɗin zama uku, ya gwada. Idan sun tafi ya dawo ba tare da ya ƙara ko ɗaya ba. Wanda yake sauka a kan kari yana da wuya ya karye ƙwarai, domin kowace sauka tana ninka masa yawan kuɗin zama.

Wahalar ba a lissafi take ba, a girman kai take. Mutumin da aka saba gani a teburin dala 2 da dala 5, wanda ma'aikatan gidan suka san sunansa, yana jin nauyin a gan shi a teburin dala 1 da dala 2, sai ya gaya wa kansa cewa a babban tebur ne kaɗai zai fanshe abin da ya rasa da wuri. A nan ake zuwa neman ƙiba a samo rama. Ga mai wasa a gidan karta akwai ƙarin matsala, domin a yawancin gidaje babu teburin da ya gaza dala 1 da dala 2, saboda haka saukarsa ita ce ya koma ƙananan teburan intanet inda doka ta yarda, ko ya dakata har ya sake tarawa.

Chris Ferguson, wanda ya ci babbar gasar WSOP a 2000, ya taɓa gwada fara wasa daga babu ko sisi ta hanyar gasannin kyauta har ya kai dala 10,000, abin da ya ɗauke shi kimanin shekara ɗaya da rabi. Ƙa'idojinsa uku ne: ba ya zama tebur da fiye da kashi 5 cikin 100 na jarinsa, ba ya shiga gasa mai teburori da yawa da fiye da kashi 2, kuma idan abin da ke gabansa a tebur ya haura kashi 10 na dukan jarin, sai ya tashi. Amfanin auna abu da kaso shi ne yana raguwa da kansa idan jari ya ragu. Wannan tunani ya samo asali daga lissafin John Kelly na ɗakin binciken Bell a 1956, wanda ya nuna cewa akwai kason da ya dace mai rinjaye ya zuba daidai da girman rinjayensa, kuma wanda ya ninka wannan kaso sau biyu dukiyarsa ba za ta yi girma ba a tsawon lokaci ko da rinjayen na gaskiya ne. Tunda babu ɗan poka da ya san ainihin rinjayensa, kuskuren yin ƙasa ya fi kuskuren yin sama sauƙi nesa ba kusa ba.

Ranar wasa

Kafin ka bar gida, zare kuɗin zama biyu ko uku daga ambulan, ka mayar da sauran, ka bar katin banki a gida. A manyan gidajen caca na'urar cire kuɗi ba ta da nisa da tebur, kuma da ƙarfe biyun dare, bayan wanda yake riƙe da kati marar ƙarfi ya tsinci abin da yake nema a katin ƙarshe ya kwashe maka dala 400, takun da ke tsakaninka da na'urar gajere ne ƙwarai. Masu lissafi za su ce iyakar asara ta rana ba ta da ma'ana, tunda wasan yau da na gobe duk dogon wasa ɗaya ne. Gaskiya ne ga na'ura. Ɗan'adam kuwa idan ya rasa kuɗin zama uku wasansa yana canjawa, yana fara shiga hannayen da da safe zai jefar, yana amsa zubin da ya san bai kamata ba domin kawai ya rama. Iyakar tana kare ka ne daga wannan mutumin da kake zama bayan faɗuwa ta uku. Haka nan a sa iyakar lokaci, domin gajiya da barasa suna yin irin ɓarnar da fushi ke yi.

Da zarar ka tashi, rubuta. Kwanan wata, wuri, mataki, awa nawa, nawa ka zauna da shi har da duk ƙarin da ka yi, nawa ka tashi da shi, sannan kuɗin mota, abinci da kyautar ma'aikata. Zuciya tana tuna daren da aka ci dala 900 ta manta darare huɗun da aka bar dala 300 a kowanne, littafi kuwa ba ya mantuwa. Bayan awa 500 ka raba jimillar da yawan awannin, abin da ya fito shi ne albashinka na awa, kuma sau da yawa wannan lamba ce ke fara gaya wa mutum gaskiyar da abokai ba su gaya masa ba.

Inda kuɗin ke kwana

Ranar 15 ga Afrilun 2011 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta rufe shafukan PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker ga 'yan wasan ƙasar. PokerStars ta mayar wa mutane kuɗinsu cikin ɗan lokaci. Full Tilt kuwa, wanda Ferguson ɗin da muka ambata yana cikin shugabanninsa, masu gabatar da ƙara sun bayyana cewa 'yan wasa suna bin sa kimanin dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa kimanin miliyan 60 ne, kuma sai a 2014 'yan wasan Amurka suka fara karɓar haƙƙinsu. Mutane da yawa da suka bi kowace ƙa'ida ta kuɗin zama sun wayi gari ba su da jari saboda sun bar shi duka a wuri ɗaya. Saboda haka kada abin da ke kan shafin wasa ya wuce abin da kake buƙata na 'yan kwanaki, kamar kuɗin zama goma, sauran su zauna a banki, kuma kada a yi wasa sai a shafin da ke da lasisin hukumar ƙasar da kake ciki, wanda yake ware kuɗin 'yan wasa daga kuɗin gudanar da kamfani.

Cire riba, haraji da kuɗin wasu

A tsara cire riba tun da wuri, misali a ƙarshen kowane wata uku a cire rabin abin da ya haura adadin kuɗin zaman da aka yanke, a bar rabi ya ƙara wa jari kauri. Abin da ya fita zuwa gida ba ya dawowa. Wanda yake son wasan ya zama sana'arsa yana buƙatar ajiyar kuɗin rayuwa na aƙalla wata shida, dabam da jarin, domin mai tunanin kuɗin haya a tsakiyar hannu ba ya yanke shawara mai kyau. Haraji ma ya danganta da ƙasa: Birtaniya ba ta karɓar haraji daga abin da ɗan wasa ya ci, Amurka tana karɓa, kuma baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da ita ana iya cire masa kashi 30 cikin 100 tun a wurin biya. Kason hukuma a ware shi ranar da aka ci.

Manyan 'yan gasa da yawa ba da kuɗinsu kaɗai suke wasa ba. Wasu suna sayar da kaso na abin da za su ci, wasu suna da ubangida mai biya musu kuɗin shiga a raba riba, bisa sharaɗin cewa sai an cike duk asarar baya kafin a fara rabo. Wannan yana rage jujjuyawa, amma a rubuta yarjejeniyar dalla-dalla, kuma a sani cewa ba ya maganin rashin riƙo. Stu Ungar ya ci babbar gasar WSOP a 1980 da 1981, kuma da yawa suna ganin ba a yi gwanin karta kamarsa ba, amma a 1997 ba shi da kuɗin shiga sai da Billy Baxter ya biya masa. Ya sake cin gasar, suka raba dala miliyan 1, kasonsa ya tafi a cacar wasanni da miyagun ƙwayoyi. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas yana da shekara 45, da 'yan ɗaruruwan daloli a tare da shi. Ramin da ke shanye jarin poka sau da yawa yana wajen teburin ne, a cacar ƙwallo ko a na'urorin da ke bakin ƙofar gidan, don haka jarin poka ba a taɓa shi domin wata caca dabam.

Idan kuwa ka sami kanka kana zuba kuɗin gida cikin ambulan kana cewa aro ne, ko kana ɓoye wa matarka littafin, ko kana neman rance domin ka fanshe, ko ka karya lambar saukar da ka rubuta da hannunka har sau biyu, to matsalar ta wuce ta lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ake magani. Shafuka masu lasisi suna ba da damar sa iyakar abin da za a iya zubawa a rana ko a wata, a Birtaniya tsarin GAMSTOP yana toshe mutum daga dukan shafukan caca masu lasisi na wata shida, shekara ɗaya ko shekara biyar, ƙungiyar Gamblers Anonymous kuma, wadda aka kafa a Los Angeles a 1957, tana da tarurruka a ƙasashe da yawa. Kafin ka kai ga ɗayan waɗannan, cire abin da ya rage a shafin a ranar, ka miƙa katin banki da littafin ga wani babba a gidanku da kake jin nauyinsa, ka gaya masa jimillar yadda take ba tare da ragi ba.